Sunan Da Bai Taɓa Kira Ba

Nazifi ne ya turo mini shafin.
Ya ce, Yaya, zuba adireshinki ki gani,
an ce 'yan kutse sun fasa rumbun wasu kamfanoni,
sun kwashi sunayen mutane kamar gero a faifai.

Ina zaune a baranda, Hayin Dogo,
an ɗauke wuta tun la'asar,
cajin wayata saura sha ɗaya.
Na rubuta imel ɗina harafi bayan harafi,
na kau da kai,
kamar mai miƙa hannu a ɗebi jini a Shika.

Kore. Ba a same ki ba, in ji shafin.
Na yi hamdala,
har da ɗan haushi a ƙasan rai:
ashe ko ɓarawo bai san da zamana ba.

Da a nan na tsaya, da shi ke nan.
Amma yatsa ba ya jin magana.
Na share nawa, na sa na Baba,
wanda shekara uku ke nan sai dai addu'a,
akwatinsa kuwa bai ji labari ba,
yana ta karɓar talla da barka da sabuwar shekara.

Ja.
Har sau huɗu.
Wani dandalin masana iri da taki,
wani kantin littattafai da bai taɓa aiko littafin ba,
biyun ban ma san su ba.
Abin da aka ɗiba: suna, lambar waya, kalmar sirri.

Shafin bai faɗi kalmar ba.
Na kunna fitilar waya na shiga ɗakinsa.
Adakar ƙarfe, ƙarƙashin takardun fansho,
ɗan littafin nan mai shuɗin bango
inda yake rubuta ranar ruwan farko,
ranar shuka masara a gonar gwaji ta Samaru,
bashin mai gyaran babur.
A shafin ƙarshe, da jan biro:
Murjanatu87.

Ni ce 'yar fari.
Shekara talatin da huɗu ban ji sunan nan a bakinsa ba.
Ke. Yarinyar nan. Ina waccan?
Ranar da na karɓi digiri ya dubi Nazifi ya ce,
gaya wa yayarka ta yi ƙoƙari,
alhali ina tsaye, inuwata na taɓa takalminsa.

Ashe kowace safiya
in ya jingine babur a gindin darbejiya,
ya goge tabarau da bakin riga,
da yatsa ɗaya yake kirana,
kwamfuta tana rufa masa asiri da baƙaƙen ɗigo.

Yanzu sunan yana can cikin jerin miliyoyi,
a ƙasar da ba a san inda Zariya take ba,
ana cinikinsa a buhu, bai kai kwabo ba.
Wataƙila wani yaro na gwada shi a ƙofar banki
kamar makullin tsintuwa.
Abin da ni ban samu ji ba,
baƙo ya riga ni karantawa.

Shafin ya ce a canza kalmar nan take.
Nazifi ma haka: sa lambobi, sa alamomi,
abin da ba mai iya cinka.
Suna da gaskiya.

Na shiga. Ƙofa ta buɗe ba gardama.
Wasiƙu dubu shida ba wanda ya duba.
Akwatin ya ce in fara rubuta tsohuwar.

Caji saura uku.
Masallacin layinmu ya kira isha.
Na rubuta ta a hankali, da yatsa ɗaya.

Sabuwar ba zan faɗa muku ba.
Na cika ta da alamomi yadda aka ce,
amma a tsakiya,
ni ma akwai sunan da ban taɓa kira ba.